Sarkin Ruwa a Ƙasar Auduga

Duk wanda ya ce mutumin Funtuwa bai gaji ruwa ba, bai san ƙasar nan ba. Gulbin Sakkwato daga gefenmu yake tasowa, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima a kusa da birnin Shehu, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya je ya faɗa Kwara. Ke nan duk ƙaton kifin da ake ɗagawa a Argungu ana kiɗa, a ruwanmu ya yi ƙiba. Wannan hujjar na shimfiɗa wa uwargida ranar da na ce zan ƙera jirgin ruwa mai inji a tsakar gida. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Malam, kuɗin takin bana fa?"

A Yawuri na kwaso sha'awar. Sarin albasa ya kai ni, sai na ɓige a bakin ruwa ina kallon masu ƙera jirage, waɗanda tun kafin a datse Kainji a 1968 iyayensu ke wannan sana'a. Wani dattijo ya ɗaga katako, ya kanne ido ɗaya, ya daidaita shi, ya buga ƙusa. Ba tef, ba takarda. Na ce a raina, ni da na yi akurkin kaji mai hawa biyu da hannuna, wannan me zai gagare ni? Da na dawo kuma ɗana ya nuna mini a YouTube yadda mutanen Tailan ke ɗaura ƙaramin inji a bayan kwalekwale, su jona masa dogon ƙarfe mai farfela, su yi ta tsala gudu. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Da kaka na kai masara Dandume, na wuce da kuɗin wajen 'yan katako. Na tambayi maɗaci, wanda shi ne ke jure ruwa. Da aka faɗa mini farashin falle ɗaya, sai na tambayi farin katako, irin na rufin kwano. Mai shagon ya ce ɗanye ne, bai daɗe da sauka daga kudu ba. Na ce ai abin da zai zauna cikin ruwa, ɗanyensa ya fi.

Aiki ya kankama. Zarto da guduma tun daga bayan Asuba, har awaki suka ƙaurace wa tsakar gida. Maƙwabcina ya leƙo, ya zagaya abin, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ce, "Masha Allah! Kiwon bijimai za a yi bana ke nan? Amma kwamin dusar nan ya yi zurfi." Na ce masa jirgi ne. Ya ce, "Na sama ko na ƙasa?" Kafin La'asar labari ya isa majalisa, kafin Magariba an naɗa ni Sarkin Ruwa, yara na bi na masallaci suna "Ran Sarki ya daɗe."

Sai hunturu ya sauka, kuma wanda ya san sanyin Funtuwa ya san ba na wasa ba ne. Katako ya bushe ya tsuke. Wata safiya na fito na tarar ana hango ƙasa ta tsakanin fallayen, wani tsagin ma har ɗan yatsa na shiga. Ban damu ba, don na ga yadda Yawurawa ke cusa tsumma su bi da kwalta. Mu kuwa a garin da tun zamanin Turawa ake gurzar auduga, abin cusawa ba ya yi mana wuya. Na ɗebo ragowar audugar gona, na yi ta dannawa da bakin sukundireba, na narka kwalta na shafe. A tukunyar da na samu kusa na narka. Ashe ta dambun Juma'a ce, ta gara kuma. Mu bar wannan maganar, har yau ba ta mutu ba.

Injin Yamaha na jirgin ruwa, kuɗinsa ya isa a sayi gona. Don haka na nufi Danja wajen ƙanena, na aro injin ban ruwan tumatirinsa, ɗan Honda mai ƙarfin doki 5.5, a kan zan dawo da shi kafin a dasa. Ya ce, "Yaya, lambu ka buɗe?" Na ce wani abu mai kama da haka. Mai walda ya cire kan famfon, ya jona dogon rodi, ya samo fankar radiyetar wata tsohuwar mota ya rage mata fukafukai, ya liƙa a ƙarshe. Muka tayar a tsakar gida, iska ta kwashe shanyar uwargida ta watsa bayan katanga. Mai walda ya ce, "Alhaji, wannan in ya shiga ruwa, sai dai a tare ka a Gusau."

Ƙofar zaurenmu, magina ne suka ƙuntata ta tun asali. Ta kan katanga samarin unguwa suka fitar da jirgin, da asarar bulo kaɗan. Muka ɗora a a-kori-kura sai madatsar Mairuwa, 'yan acaɓa na biye da mu ba wanda ya gayyace su.

Masuntan da muka tarar suka taru suna dubawa. Babbansu ya ce sabon jirgi akan bar shi ya kwana cikin ruwa, katakon ya sha ya kumbura, tsagogin su haɗe. Shawara ce mai kyau ga wanda ba shi da 'yan kallo. Ni kuwa ga rabin unguwa a tsaye, har da mai sayar da rake. Na ɗaura jarkoki biyu a ƙugu a madadin rigar ruwa, na naɗe ƙafar wando, na yi bisimilla na shiga.

Abin da mai kallon bidiyo ba ya lura da shi shi ne, injin ban ruwa ba shi da giya, ba shi da kulochi, balle birki. Kana jan igiya farfela na juyawa, kuma juyin nasa ya kan kai 3,600 a minti ɗaya. Na ja, ya yi tari. Na sake ja, ya kama da wata irin ƙara, jirgi ya zabura. Da baya.

Ina zaune ina fuskantar tsakiyar dam, ina ganin tana nisa da ni. Muka nufi wajen da masunta suka shanya taru, suka watse. Na murɗa rodin, jirgi ya juya ya shiga zagaye, har yanzu da baya, ni da jama'a muna haɗa ido a kowane kewaye. Bayan jirgin shafaffen katako ne, ba a yi shi don keta ruwa ba, sai ya riƙa kamfatar ruwan yana zuba mini a cinya. Ta ƙasa kuma ga audugata tana fitowa ɗaya bayan ɗaya tana yawo a idon sawuna. Na lalubi makashin injin, na tuna ƙanena ya ce ya lalace tun bara, sai dai a cire hular fulogi. Na kai jiƙaƙƙen hannu na kama. Abin da ya ratsa ni daga yatsa zuwa ƙeya, ko maƙiyi ba na yi wa fatansa. Daga gaɓa na ji wani yaro na cewa, "Ran Sarki ya daɗe, gaba ake yi!"

Ruwa ne ya kashe injin da kansa. Jirgi ya nutse a hankali, cikin mutunci. Jarkokin kuwa suka yi aikinsu fiye da yadda aka sa su: suka ɗaga ƙuguna sama, kaina ya yi ƙasa. Ina shure-shure, ina kalmar shahada rabi a iska rabi a ruwa, sai na ji an kama wuyan rigata. Babban masuntan ne, ya tako da ƙafa.

"Alhaji, miƙe tsaye mana."

Na miƙe. Ruwan a cibiya ya tsaya mini.

Har gobe ina nan a kan cewa jirgin ba shi da laifi. Ya yi tafiya, kuma da gudu, shaidu sun fi ɗari. Ƙanena ya zo ya ɗauki injinsa bai ce mini komai ba, sai dai bakanike ya aiko da lissafin wanke kaburato da canjin baƙin mai. Na koma wajen mai walda na ce farfelarsa turawa take ta inda ba a so. Ya ce sai a kife ta. Wani ɗan makarantar fasaha da ke zaune a wurin ya ce ko an kife farfela, karkatar fukafukanta ba ta canzawa, dole sai an lanƙwasa su ta ɗaya gefen ko an sauya juyin injin. Mai walda ya yi shiru yana susar gemu, can ya ce abin bai kai nan ba. In juya kujerar kawai ta kalli baya, a fiƙe wancan gefen, a kira shi gaba. Juyin kujera, in ji shi, dubu biyu ne, amma saboda ni Sarki ne zai rage mini ɗari biyar.