Jinjina Ga Masu Yi Wa Teku Doka

Ranku ya daɗe, iyayen gaɓar teku, sarakunan zaman kwamiti, gwanayen ɗage taro, masu alƙalamin da igiyar ruwa ke shakka! Sauran ƙasashe na can suna wahalar da kansu da dutse da siminti, mu kuwa Nijeriya, mai gaɓa kilomita 853, Allah ya hore mana jagororin da suka gano cewa babu abin da teku ke jin kunya kamar takarda mai hatimi.

A Nuwamban 2021 Shugaba Buhari ya sa wa dokar sauyin yanayi hannu. Doka ce ta kece raini: ta kafa majalisar da shugaban ƙasa da kansa ke jagoranta, ta tanadi asusu, ta ce a riƙa sabunta tsarin aiki duk shekara 5. A 2023 aka ƙara mana ma'aikata sukutum ta harkokin teku. A ƙarshen shekarar, da aka kira taron yanayi a Dubai, sunaye 1,411 aka rubuta daga ƙasarmu, kuma saboda tsabar tattali gwamnati ta ce mutum 422 kacal ta ɗauki nauyinsu. Ina wani teku da zai ji wannan adadi bai ja da baya ba?

To, sai dai na Ayetoro, wanda bai yi boko ba.

Ayetoro gari ne na masunta a yankin Ilaje na jihar Ondo. An kafa shi a 1947, ya yi suna da zaman haɗin kai da ƙera jiragen ruwa, kafin teku ya fara cinye shi unguwa bayan unguwa, har da makarantu. Nan ne hikimarku ta fi haskakawa, ya ku masu hangen nesa, masu haƙurin da ba ya ƙarewa muddin gidan wani ne ke nutsewa. A 2004 hukumar raya yankin Neja Delta ta ba da kwangilar kare gaɓar garin. Da aka ga kwangilar ta yi kyau ƙwarai, sai aka sake ba da ita a 2009, da biliyoyin naira. Gaggawa aikin shaiɗan ce, shi ya sa ba a yi garajen kammala katangar ba. Kuma a duba dabarar: duk shekarar da aka jinkirta, garin da za a kare yana ƙara ƙanƙancewa, wato aikin yana ƙara sauƙi. Wane injiniya ne a Turai ya taɓa tunanin haka?

Kada mahassada su ce ba mu iya gina katanga ba. Je ka Legas ka ga wadda ke gaban Eko Atlantic, ta manyan duwatsu, da aka tsara ta kai kilomita 8.5, tana tsaron birnin da aka cike teku da yashi aka kafa. Adalci ke nan: katanga ta san darajar wanda ke bayanta. Mutanen Okun Alfa, can gabas da ita, suna ƙorafin wai ruwan da aka kora daga ƙofar masu hali ya juyo kansu. Rashin godiya! Mutanen da ake sayar wa maƙwabtansu kallon teku da dala, su an kawo musu shi har tsakar ɗaki kyauta.

Ga kuma babbar hanyar Legas zuwa Kalaba, kilomita 700, da aka fara a 2024. Masana na cewa teku na ƙara tasowa saboda ƙanƙarar duniya na narkewa, ku kuwa, sadaukai, gagara gasa, kuka zaɓi bakinsa kuka shimfiɗa titi, don ya san akwai maza a ƙasar.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku tawada da alawus ɗin zama. Ku kuma mutanen Ayetoro, a daina kai kuka gidajen jarida. A matsa da gado baya kaɗan, a ɗaga kayan yara sama, sabon tsari na nan tafe da zarar kwamiti ya samu ranar zama.