Saura Mutum Ɗaya

A tashar mota babu ƙaryar da ta kai "saura mutum ɗaya" tsufa. Ɗan kamasho zai fara rera ta tun da hantsi, bai gaji ba har a kira azahar. Mai hankali ba ya fushi. Ya san tafiya ta riga ta fara, motar ce kawai ba ta samu labari ba.

Ɗauki hanyar Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600. Kafin a haye gadar Wudil an san wanda matarsa ta yi yaji, an kuma yanke masa hukunci ba ɗaukaka ƙara. Wajen Azare wata Hajiya za ta kwance ƙullin dambun nama ta ce "Bismillah," tana fatan kowa ya ce "Alhamdu lillahi." Sai saurayin kujerar baya, marar kunya, ya ɗauki tayin da gaske. Kafin Potiskum, garin kasuwar shanu, an rushe gwamnati an naɗa sabuwa, direba ne ministan mai. Akuyar da ke but ma tana tofa albarkacin bakinta.

To, isar fa? Bikin da ka sha wannan wahala dominsa, shinkafar da ta huce za a miƙo maka, a ce "Yaya hanya?" ba a tsaya jin amsa ba. Na jirgin sama kuwa sun sauka tuni, babu labari ko na sisin kwabo.

Malam, in Allah ya haɗa ka kujera da Hajiya, kada ka yi barci kafin Azare.