Kowa da Kyamararsa

Da can tsaron gida a Kano bai wuce katanga mai fasassun kwalabe a kai ba, sai ƙaton kwaɗo a ƙofa, sai kare ga wanda ba ya ƙyamarsa, sai maigadi mai tocila ga wanda Allah ya hore wa. Yanzu kyamara ta shigo layi, har ta kai mai gidan haya ma yana tambayar kuɗinta. Wanda duk ya zauna a shagon masu sayar da ita, a Sabon Gari ko a titin Beirut, zai lura cewa kayan ba su da yawan iri. Galibinsu daga China suke, manyan cikinsu Hikvision da Dahua, duka biyun daga birnin Hangzhou, sai ƙananan masu aiki da Wi-Fi irin su Ezviz da Tapo, sai kuma tarin marasa uba waɗanda sunansu ke sauyawa daga kwali zuwa kwali. Masu saye su ne ke da iri-iri.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne Malam Mai-Araha. Tambayarsa ta farko ba ta taɓa zama "wacce ce mai kyau?" ba, kullum "wacce ce ta ƙarshe?" Zai sa a sauko masa da kyamara goma, a kunna masa kowacce, ya ɗaga hannu ya ga kansa a allo, ya gyara zaman hularsa, sannan ya nuna wata 'yar mitsitsiya mai siffar ƙwan lantarki ya ce ita ce ta kwanta masa. A jikin kwalinta an rubuta 4K da manyan baƙaƙe. Kyamarar 4K ta gaskiya megafiksel 8 gare ta, wannan kuwa in ta kai 2 an gode Allah. Mai shago ya sani, shi ma Malam zuciyarsa ta gaya masa, amma tun da aka saki naira a 2023 farashin komai yake bin dala, kowa sai ya yi kamar bai gani ba. Ranar da aka ɗauke masa janareto zai ruga ya buɗe hoton, ya tarar da wata farar inuwa mai ido biyu tana tafiya da janareton a ka. Zai kai wa 'yan sanda, su juya wayar sama da ƙasa, su tambaye shi ko yana da aljanu a gidan.

Malam yana da ƙane wanda ya fi shi ƙwarewa. Shi wannan kyamarar bogi yake saya, kwanson roba kawai da ɗan jan haske mai ƙyaftawa da batir. Hujjarsa ita ce ɓarawo ba zai hau tsani ya duba ba. Da gaskiyarsa, har zuwa ranar da ya kasa riƙe bakinsa ya ba da labarin dabarar a majalisa.

Alhaji A-Gani ba shi da wannan matsalar, domin shi ba ya ciniki. Maƙwabcinsa ya sa huɗu, don haka shi takwas yake so, kuma duka su fuskanci titi. Bayan gida, inda katangar ta yi gajarta har akuya na iya haurawa, ba a sa ko ɗaya ba, tunda ba wanda zai bi ta can ya yaba. An rataye ƙaton allo a falo, baƙo na shan lemo yana kallon motarsa. Da mai haɗawa ya zo maganar faifan ajiya, wato inda hoton ke taruwa a cikin akwatin naɗa da suke kira DVR, sai Alhaji ya tsuke fuska.

"Shi ma kuɗinsa daban?"

"Daban ne, ranka ya daɗe. Akwatin ba ya zuwa da shi."

"To a bar shi tukuna. Ai muna gani."

Suna gani kuwa, sai dai abin da ya wuce ya wuce har abada. Abin takaicin shi ne da Alhaji ya rage kyamara huɗu ya sayi faifai mai terabayit ɗaya, da ya samu ajiyar kusan mako biyu, ko fiye idan an saita ta ta riƙa naɗa lokacin da wani abu ya motsa kaɗai. In faifan ya cika, sabon hoto ke hawa kan tsoho. Akwai faifan da aka ƙera don wannan aikin na dare da rana, irin su WD Purple da Seagate SkyHawk, ba tsohon faifan kwamfutar da aka ciro daga shagon gyara ba. Idan kuma wata rana Alhaji ya yarda aka sa faifan, akwatin zai ajiye shi a ƙarƙashin talabijin kusa da dikoda, inda ɓarawo zai haɗa su duka uku a zanin gado guda, har da shaidar da za a kama shi da ita.

Ni dai wanda ya fi ba ni dariya, kuma ya fi ba ni tausayi, shi ne Injiniya Na-Iya. Ya kalli bidiyo a YouTube da dare, da safe ya aro tsani. Ƙa'idarsa ɗaya ce: a kai ta can sama, kada a sace. Sai ya kafe ta a ƙarƙashin rufin bene, tana leƙen ƙasa kamar shirwa. Masu sana'ar kan sa ta ƙofa a tsayin mita biyu da rabi zuwa uku, inda hannu ba zai kai ba amma fuska za ta fito. Tasa kuwa ba abin da take ɗauka sai huluna. Yana da tarihin hular kowane mutum a layin, ya san mai zanna bukar da mai kuɓe da mai sanƙo, bai san fuskar kowa ba. Ta biyu ya juya ta gabas, saboda haka daga fitowar rana zuwa hantsi allon fari ne fat. Ta uku ya manna ta kusa da farin bango; da dare hasken nan nata da ido ba ya gani, wanda ke ba ta damar ɗaukar hoto baƙi da fari a cikin duhu, sai ya daki bangon ya dawo mata, ta makance da kanta. Wayar da ya ja ma ta araha ce, alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ga mahaɗarta a fili ya naɗe da leda. Ruwan farko na damina zai gwada masa aikinsa. Kafin nan ma ɓera ya riga ya ɗanɗana.

Shi Injiniya ba ya goge kyamara. In hunturu ya shigo ƙura ta rufe gilashin, sai ya ce kamfanin ne ya rage inganci. Ƙwari na taruwa wajen ɗan hasken da dare, gizo-gizo ya biyo su ya kafa shagonsa a bakin gilashin, zaren ya riƙa haskawa yana kaɗawa har asuba. Tsumma da dogon kara ne maganin abin, amma ba a nuna wannan a bidiyon da ya kalla ba.

Akwai kuma wanda ya yi lissafin komai ya manta da wuta. Ya sayi kyamara mai kyau, ya kira ƙwararre, ya biya faifai, ya jona komai a soket ɗin bango. Da NEPA ta ɗauke, idanu huɗu suka rufe tare, a daidai lokacin da unguwa ta yi duhun da ɓarawo ke jira. Janareto kuwa ana kashe shi sha ɗayan dare saboda tsadar mai. Wato kyamararsa tana aiki da rana lokacin da kowa ke farke, tana barci tare da masu gida. Abin haushin, ba wata wutar kirki take ci ba: yawancinsu bolt 12 suke amfani da shi, kuma kyamara huɗu da akwatinsu ba su kai fankar sama ɗaya jan wuta ba. Ɗan batir da ƙaramar inbata, ko fanel ɗin sola guda, sun wadatar. A ganina duk mai ƙaramin ƙarfi da nan ya kamata ya fara kasafinsa, ya sayi wuta da ajiya tukuna, abin da ya rage ya sayi ido, ko da biyu ne, ɗaya a ƙofar shiga ɗaya a inda ya san katangarsa ta fi rauni. Wata alamar wannan mutumin ita ce agogon akwatinsa. Ɗan batirin da ke riƙe lokaci ya mutu tuni, duk sanda wuta ta dawo sai kwanan wata ya koma farko, don haka yana da hoton satar da aka yi masa a 1970.

Daga nan sai Maigida Sa-Ido, kuma a kansa ne dariyar ke raguwa. Shi ya sayi mai layin waya da sola, wacce ke aiko hoto kai tsaye. A kasuwa yake ko a ofis, amma ransa yana gida. Wayarsa tana ƙara sau ba adadi, ya zaro a tsakiyar ciniki, ya ga ƙadangare ne ya gifta yana gyaɗa masa kai. Ta sake ƙara, inuwar dalbejiya ce. Kafin rabin wata datarsa ta ƙare, domin kallon hoto kai tsaye shan data yake yi ba wasa. Duk wannan da sauƙi. Matsalar tana farawa ne ranar da ya kira gida.

"Wace ce wannan mai shuɗin hijabi da ta shigo ƙarfe goma?"

"Yaya ce fa, Baban Abba."

"To me ke cikin ledar da ta fita da ita?"

Tun daga ranar, kyamarar da aka saya don ɓarawon waje ta zama mai ƙirga buhun shinkafa, da baƙin uwargida, da minti nawa yaro ya yi a aike. Wasu kyamarorin ma da magana suke zuwa, sai mace tana tsakar gida tana wanke-wanke ta ji muryar mijinta daga saman bango yana cewa a rage ruwa. Matan su ma ba a bar su a baya ba. Sun gano cewa ɗan kwali in aka shanya shi a wurin da ya dace, iska ce ta kai shi.

Ɗan'uwansa na jini shi ne wanda ya sa mai juyawa a kan tankin ruwa, ya ce don ya ga bayan gida ne, alhali rabin hoton tsakar gidan maƙwabci ne, inda matan mutane ke zirga-zirga ba mayafi. A garin da aka gina zaure da soro musamman don kada idon baƙo ya kai ciki, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma takan ƙare a gaban mai unguwa. Gyaran ba wuya: a sunkuyar da ita, ko a shiga saitinta a rufe ɓangaren da baƙin tambari, domin yawancin masu kyau suna da wannan damar. Wuyar ita ce ya yarda bai da gaskiya.

Shi kuma Malam Ba-Komai, an haɗa masa, an miƙa masa takarda mai kalmar sirri, ya sa a aljihun riga aka wanke. Kalmar dai ita ce wadda yaron shago ya sa wa kowa a unguwar: admin da lambobi a jere. Yaron har yanzu gidan yana cikin wayarsa, tare da gidaje ashirin na sauran abokan ciniki. In ka ce ya sauya, sai ya ce wa zai damu da gidansa. To a 2014 an samu wani shafin intanet mai suna Insecam da ya riƙa nuna hotunan dubban kyamarori daga ƙasashe daban-daban kai tsaye, ɗakunan kwana da shaguna, ba don an fasa komai ba, sai don masu su ba su sauya kalmar da suka zo da ita ba. A watan Oktoba na 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara irin waɗannan kyamarori da akwatunan naɗa ta yi amfani da su wajen kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix. Masu kyamarorin suna gida suna shan shayi, ba su san kayansu sun tafi yaƙi ba.

Mai ihu bayan hari ba sai an daɗe a kansa ba. Jiya aka sace masa babur, yau ya zo ido jajur yana son duk abin da ke shagon, kuma zai kafa mafi tsadar a daidai inda babur ɗin yake da.

Sai Hajiya, wadda ba ta san megafiksel ba kuma ba ta neman sani. Ta zo da jikanta, ta zauna a kujerar mai shago, ta ce, "Ɗan nan, abu uku nake tambaya. In an ɗauke wuta tana gani? In abu ya faru shekaranjiya zan same shi? Da dare za ta nuna min fuska ko fatalwa?" Ta ce ba za ta cika kuɗi ba sai an haɗa, an jira bayan isha'i, an kashe wutar gidan, jikan ya shigo ta ƙofa da hula a ka ta gane shi a allo. Ta sa aka ɓoye akwatin a saman silin ɗin ɗakinta. Ta sa jikan ya sauya kalmar sirri a gaban mai haɗawar, sannan ta ce wa mai haɗawar ya juya baya. Masu shago ba sa murnar ganinta, kyamara biyu kawai take saya, kuma sai ta nemi a ba ta tsumman gogewa gyara.