Bawana Bazazzagi, Yogarka Ba Ta San Marka Ba

Bawana na Zazzau. Ya baƙunta, ya ƙoƙarin koyon Hausa? Tun da aka yi maka canjin wurin aiki zuwa ƙaramar hukumar Kibiya ka kama ɗaki a Fammar, labarinka bai yanke mini ba. An ce kullum in an idar da sallar asuba sai ka shimfiɗa 'yar tabarmar roba a tsakar gida, ka tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ka ɗaga hannu, ka runtse ido. Dattawan unguwa sun rabu biyu. Wasu sun ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Wasu sun ce a ƙyale ka, haka Zazzagawa suke in boko ya yi musu yawa. Ni ina bayan na biyun, don tun 1962 da aka dasa muku jami'a a Samaru ba ku ƙara yin abu yadda mutane ke yi ba.

Kafin ka ɗaga mini murya, tuna a ƙasar wa kake. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, mu ke rina abin da duniya ke sawa. Zazzau kuwa sarkin bayi aka ba shi, kuma kowa ya san daga cikin bayi ake zaɓen mai kula da su. To, rusuna ka saurara.

Na ga jadawalin da ka turo mini ta WhatsApp, wai yadda mutum zai sauya motsa jiki da abinci in yanayi ya juya. Na karanta har ƙarshe, na ga lokacin zubar ganye, na ga lokacin furanni, na ga inda aka ce in dusar ƙanƙara ta fara sauka a sha romo mai ɗumi a bakin taga. Bawana, in ka ga ƙanƙara a Fammar, to ko dai a cikin kular mai zoɓo take, ko kuwa ta sauko ta kashe wa mutane masara. Wanda ya rubuta takardar nan don sanyin Amurka ya rubuta ta.

Su kansu masu abin ba haka suka yi ba. Yoga daga Indiya ta fito, kuma masu maganin gargajiyarsu na Ayurbeda sun raba shekara gida 6, wata bibbiyu, kowane da cimarsa da irin motsinsa, daidai da ruwa da zafin ƙasarsu. Ka ga ke nan darasin shi ne kowa ya dubi samansa. Kai kuwa ka ɗauko abin Indiya da aka yi wa ɗinki a Amurka, ka zo ka rataya wa mutanen Kibiya. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi. An ce ka shirya tara matasan Fammar a wannan rana. Allah ya ba ka sa'a. Ranar 21 ga Yuni duk mai ƙashin baya yana gona, ko shuka ko noman fari, ya sunkuya tun hantsi bai yi ba. Je ka gaya wa wanda ya wuni riƙe da fartanya cewa za ka koya masa lanƙwasa ƙugu, ka ji amsar da zai ba ka.

Tunda ka zo neman ilimi, bari ubangidanka ya biya maka shekarar Fammar. Mu shamuwa ke yi mana busharar damina, malamai kuma suna lissafin taurarin noma, kowane kwana 13. In ruwa ya kankama har aka shiga marka a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. A lokacin ne Allah ke fito da tafasa da rama da zogale da lalo, mata su dafa su kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Abin da kake kira cin ganye don wanke ciki, har kana biyan kuɗin littafi a kansa, ga shi nan a bayan danga kyauta. Kula da kai a damina kuma ba ya wuce abu uku: ka kwana cikin gidan sauro, ka tafasa ruwan sha in ba ka yarda da rijiyar ba, ka wanke ganye kafin ya shiga tukunya saboda amai da gudawa. In ka ga ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida da maganin riga-kafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda ake bayarwa wata-wata a damina tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, wannan shi ne jadawalin yanayi na gaskiya. Ka rufe ido ka yi shiru a tsakar gida da magariba a watan marka, sauro zai gode maka.

Da kaka ba ni da dogon bayani, don ciki ke magana. Ga tumu, ga ɗanyar gyaɗa, ga sabon wake, ga rake. Lokacin girbi da sussuka ne, da bukukuwan aure, da kokawa da dambe a dandali. A nan ne takardarka ta ce a rage ci. Ka rage kai kaɗai, rabonka ba zai yi kwantai ba.

Daga nan sai hunturu, Disamba zuwa Janairu, iskar Sahara ta taso da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take. Malaminka na intanet ya ce ka fita fili da sassafe ka ja dogon numfashi har huhu ya cika. Cika shi da ƙasar Cadi, mu kuma mu tanadar maka maganin tari. Ɗan Fammar rawani yake naɗawa ya rufe hanci, ya sha kunun tsamiya ko na kanwa da citta da kanumfari da masoro, ya shafe leɓe da dunduniya da man kaɗanya kafin faso ya buɗe. In za ka yi miƙarka a wannan lokaci, yi ta cikin ɗaki bayan rana ta fito. Kuma ka ji wannan da kunnen basira: kada ka kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa ba tare da ya tashi mutum ba. Ɗanyen ganyen da kake so kuwa, yanzu ne lokacinsa. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir da albasa su cika kasuwa su yi araha. Sai ka huta da faten nan naku na 'yan watanni.

Bazara ce za ta raba gardama. An ce a Amurka akwai masu biyan kuɗi a ɗumama musu ɗaki har zafi ya kai awo 40, su shiga su yi yoga su yi gumi. A watan Afrilu ɗakin kwanon da ka kama zai ba ka wannan ba ko kwabo. Sai dai mu ba ma wasa da bazara. Lokacin sanƙarau ne, kuma wanda ya ga 1996, shekarar da cutar ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ba ya bukatar a tuna masa. Shi ya sa ake gudun cunkoso a ɗaki, ake kwana a waje, ake karɓar allurar riga-kafi. Aiki mai nauyi da sanyin safiya ne ko bayan la'asar. Da rana sai gindin bishiya, da fura da nono, da farau-farau, da ruwan randa. Ga kuma azumi da ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, wata shekarar ya faɗo a zafi, wata a sanyi. Nuna mini inda takardarka ta yi lissafinsa.

Ban ce miƙe jijiyoyi laifi ne ba. Irinku masu wuni kan kujera, ga shayi mai sukari, ga hawan jini na leƙowa, ko tafiyar ƙasa kuka samu riba ce. Sai dai ka tace abin da kake ɗauka. Wannan da kuke kira gaisuwar rana, da kalmomin da ake rerawa, suna da asali a addinin Hindu, har majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar irin wannan yoga a 2008. Ɗauki motsin jikin, ka bar abin da ba ka san ma'anarsa ba, ka tambayi malami. Na san a Zariya ba ku rasa malamai ba, ita kaɗai ce fa'idarku.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Ajiye jadawalin Turawa, ka samu dattijo ɗaya a Fammar ka zauna gabansa da alƙalami, ya faɗa maka abin da ake ci da abin da ake gudu daga shuka zuwa shuka. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma kiɗan garin da kake ciki ake bi. Ka sayi gidan sauro kafin ruwan farko, man kaɗanya kafin Disamba, randa kafin Maris. In watan cika-ciki ya kama, ka zo ka yi mini shara ka karɓi kuɗinka. Ka gaida matarka, ko kuwa yadda kuke faɗa, ka ce ina gaishe shi.