Yadda Ake Lallashin Faifan Mota Idan Ya Fara In'ina

Duk wanda ya sayi tsohuwar mota 'yar Kwatano, ya leƙa but ya tarar da wani baƙin akwati maƙale a gefe, to ya yi gado. Akwatin nan shi ne na'urar sauya faifan CD, mai haɗiye faifai 6, ko 10, ko 12 a lokaci guda. Halinta ɗaya ne da ke ɓata wa jama'a rai: muddin sauti na ƙasa-ƙasa, lafiya lau, amma da zarar mai mota ya shigo unguwar surukai ya murɗa ƙara don a san ya iso, sai mawaƙi ya kama in'ina, ya tsallake baiti, ya dawo ya maimaita.

Kafin a zagi na'urar, a duba irin aikin da aka ɗora mata. Tun da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, tsarinsa bai sauya ba. Layin da ke ɗauke da sauti siriri ne ƙwarai, har layi kusan 625 ke jeruwa cikin milimita 1, faifan kuma na juyawa tsakanin sau 200 zuwa 500 a minti. Wani ɗan ido mai hasken leza ne ke bin layin, yana lilo a kan 'yan siraran wayoyi. Wannan bawan Allah ake so ya yi karatu babu tuntuɓe alhali an girke masa wufa mai inci 12 a gefen kunne. Tamkar a ce wa tela ya zura zare a allura yana bisa babur a hanyar ƙauye.

Matakin farko shi ne mai mota ya bar dukan dashbod. Na'urar tana but, ba ta ma san ana yi ba.

Na biyu, a gano mai laifi, kuma waɗanda ake zargi biyu ne: girgiza da yunwar wuta. Mai mota ya samu inuwa ya faka, ya bar inji na aiki, ya sa faifan da ya saba sarƙewa, ya ƙure ƙara. Idan ya sarƙe a tsaye, ramukan titi sun fita daga zargi, a wannan karon dai. Sai ya kwance na'urar daga mazauninta, ya ɗora ta kan matashi a kujerar baya, ko ya ba ƙaninsa ya riƙe a kwance yadda take, tunda ya daɗe yana shiga motar kyauta. In in'inar ta ɗauke, girgiza ce. Akwai ma gwaji mafi araha: faifan wa'azi ba ya cika sarƙewa ko an ƙure shi, domin muryar malam ba ta jijjiga ƙarfen mota yadda ganga ke yi. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin ishara. Masu gyara dai sun ce rashin bes ne.

Maganin girgiza ba ya cin kuɗi sosai. A ɗaure notin da ya kwance, a raba na'urar da akwatin wufa, a sa roba tsakaninta da jikin mota. Sannan a leƙa gefenta. Yawancin irin waɗannan na'urori suna da 'yar alama ta harafin H da V, wadda ke saita sifirin da ke ciki gwargwadon yadda aka ɗaura ta, a kwance ko a tsaye. Sau da yawa wanda ya sauya mata wuri yakan tsayar da ita ya bar saitin a na kwance, sai kayan cikinta su jingina da bango, duk bugun da aka yi a waje ya isa ga ido kai tsaye. Akwai kuma 'yan robobi masu mai a ciki da ke shanye jijjiga. Waɗanda suka shekara 20 suna gasuwa a but, da zafin watan Afrilu na Kano ko Sakkwato, ba a yi musu adalci ba in aka ce su yi aikin ƙuruciya.

Idan kuwa ƙanin ya riƙe ta har hannunsa ya sage amma ba ta daina ba, a koma kan wuta. Batir mai lafiya yakan nuna bolt 12.6 idan inji na kashe, kusan 14 idan yana aiki. Amfilifaya babba kan zuƙe wuta da yawa a duk bugun ganga, ta bar na'urar faifai da saura. Shaidar tana fitowa da dare: fitilun mota na lumshewa daidai da kiɗa, abin da wasu samari ke ɗauka ado ne. Mai wayarin ya auna da mita, ya duba wayar at, ya kankare tsatsa da fenti a inda aka ɗaure ta, ya ja wa amfilifaya waya mai kauri daga batir, da fiyus ɗinta. Wanda ya ce a sayi sabon batir tun bai fito da mita ba, a tambaye shi ko ɗan'uwansa ne ke sayarwa.

Saura ido. Ƙurar hunturu kan kwanta a kansa, ido mai hazo kuwa ƙaramar girgiza ta isa ta ɓatar da shi. Auduga da ɗigon sifirit, a shafa a hankali. Ban da yawu, ban da fetur, ban da bakin babbar riga. Shi ma faifan a goge shi daga tsakiya zuwa baki, domin ƙarzuwar da ta bi zagayen layi ta fi wadda ta ratsa shi ɓarna. Faifan da aka tura wa waƙa a kasuwa kuma ba ya mayar da haske kamar na kamfani, shi ya sa tsohon ido ke fara gazawa a kansa.

In an yi duk wannan mawaƙi bai bar in'ina ba, lezar ce ta tsufa. Mai mota na iya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman wata na'urar, wadda wataƙila sa'ar tasa ce. Ko kuma ya sayi 'yar na'urar Bluetooth da ake sokawa a ramin caja, ya kama ta a tashar FM, ya bar baƙin akwatin a but ya ci gaba da tokare jarkar mai.