Ekis, baƙon da ya fi 'yan gida aiki

A bokonmu na Hausa babu harafin X. Daga W sai Y, an tsallake shi kamar yadda aka tsallake P da Q da V. Amma ku dubi yadda muke wuni da shi a unguwa, ekis nan ekis can, kuma kowa da abin da yake nufi.

Da jan biro muka fara saninsa. Malam ya karɓi littafi ya zabga maka shi a gefen aiki, ka san ka faɗi ke nan. Abin haushi, lissafin da ka faɗin ma da shi aka rubuta, bakwai sau takwas. Da muka shiga sakandare kuma sai aka ce mu nemo shi. Ga shi zaune a kan allo kowa yana kallo, wai a nemo! Wani Bafaranshe, Descartes, shi ya jawo mana wannan a 1637, da ya ware haruffan ƙarshe don adadin da ba a sani ba. Bajamushen nan Röntgen ma, da ya gano hasken da ke ratsa tsoka a 1895, rasa sunan da zai ba shi ya yi, ya ce X. Mu dai ba ruwanmu, likita na rubutawa sai mu ce an tura mu hoton ƙirji.

Inda ekis ba ya wasa shi ne jikin katanga. Mutanen Abuja sun san shi tun rusau ɗin zamanin El-Rufa'i yana minista, Kanawa ma ba baƙonsu ba ne. A wayi gari a ga jan fenti a jikin shago, nan da nan layi ya cika. Kowa ya goya hannu a baya yana kallon bango, kowa ya zama lauya.

"Alhaji, ina takardarka?"

"Wace takarda kuma, Malam? Shagon nan tun zamanin Audu Baƙo yake nan."

"To ai shi fentin bai san Audu Baƙo ba."

Wani ya ce hanya za a faɗaɗa, wani ya ce magudanar ruwa ce, wani ya rantse yana da ɗan uwa a ma'aikatar, zai kira shi yanzu-yanzu, sai dai wayar ba kati. Mu ne kuma idan dare ya yi za mu samo farin fenti mu shafe alamar tas, sai ka ce direban katafila bango yake karantawa. Da safe a fito ana ta yi wa mai shago barka.

A wajen 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai kuwa ekis ma'aunin tumbi ne. Yaron shago ya ƙare maka kallo ya ce, "Yallaɓai, kai sai mai ekis biyu." Ba ka sani ba yabo ne ko zagi, amma ka biya. 'Yan cacar ƙwallo su kuma kunnen doki suke nufi da shi, Allah ya shirye su. A kasuwar waya ta Farm Centre ka ji ana cinikin "ekis", alhali masu iPhone X da suka fito da ita a 2017 goma suke nufi, da lambar Rumawa. Je ka ce a ba ka goma, ka ga kallon da za a yi maka.

Abin dariya, inda aka ce mu kira shi da sunansa, nan muka ƙi. Tun Yulin 2023 Elon Musk ya mai da Tiwita X, har yau a bakinmu Tiwita ce. 'Yan rediyo ma sai sun ƙara da "wanda a da ake kira Tiwita" kafin a gane su.

Kwanaki wani malamin makaranta yake ba da labari a teburin mai shayi cewa a Ingila ba a dangwala yatsa ranar zaɓe, ekis ake zanawa a gaban sunan wanda kake so. Wani dattijo ya ajiye kofi.

"Wanda kake so, ɗana?"

"Shi fa, Baba."

"To ai soke shi ka yi! Wanda ba ka so kuma me za ka yi masa?"