Gaisuwa ga Gagarabadan Intanet

Allah ya ja zamanin bajimi, toron giwa, gagara gasa, wanda bai taɓa shan naushi ba tun ranar da ya fara sayen data. Ina nufin gwanin nan na wasan jarumai da ake yi da rubutu, inda mutum biyar ko goma kan haɗu a Discord, kowa ya ƙago jaruminsa mai ƙarfin ban al'ajabi, su riƙa saƙa labari bi da bi. Ba a jefa ƙwayar ludo, ba a ƙirga maki, amana ce kawai: kai ka rubuta ka kai duka, abokin karawarka ya rubuta ko dukan ya same shi. Ƙananan mutane su ke ɗaukar wannan amana da nauyi. Namijin duniya kuwa tun da wuri ya gano cewa kasuwar da babu sarkin awo, mudun mai ƙarfin hali shi ne mudu.

A dubi takardar jaruminsa a sha kallo. Yana tashi sama, yana ɓacewa, yana karanta zukata, yana tsayar da lokaci, in an kashe shi ya farka da ƙarfi ninki biyu. Mai kula da wasa, bawan Allah, ya roƙe shi ya rubuta lago ko da guda ɗaya ne. Sai sadauki ya sunkuyar da kai ya rubuta cewa jaruminsa ya cika tausayi. Kai, wannan tawali'u, ko a gidan malamai sai an tona.

Ina ma marubutan Amurka sun yi karatu a zaurensa. Jerry Siegel da Joe Shuster sun fito da Superman a 1938, ko tashi sama bai iya ba, tsalle yake yi. A 1943 masu wasan kwaikwayon rediyo suka ɗora masa dutsen kiriftonayit mai kashe masa jiki. Da ƙarfinsa ya kai yana ture duniyoyi, John Byrne ya zo a 1986 ya datse masa fiffike. Green Lantern na 1940, zobensa ba ya cin itace, wanda ya gaje shi kuma launin rawaya ke gagararsa. Spider-Man na 1962, tsakanin kuɗin haya da ciwon gwaggonsa May bai san barci ba. Wai tsoronsu kada mai karatu ya yi hamma idan ya san ƙarshen faɗa tun ba a fara ba. Wannan ragwanta ba ta kusanci gwaninmu, domin Allah ya tsare shi daga karanta rubutun kowa sai nasa.

Masu wasan Champions na 1981 su ma sun ɓata wa kansu lokaci. Kowa da makin da zai sayi ƙarfi, wanda ya yarda ya ɗauki rauni a ƙara masa maki. Cinikin 'yan koli ke nan, ba a kawo shi fada. Ko ɗan tauri mai karya wuƙa a ciki ya san kowane asiri da makarinsa, amma jarumin ubangidanmu, makarinsa ma yana da makari.

Sai kyauta, a nan ne ya kere sa'a. Wasu rowa ke sa su tsaya ga jaruminsu kaɗai. Shi kuwa, kogi mai ban ruwa, har na abokan wasa yake rubuta musu: ya ce ya make ka, ka faɗi, ka suma, ka farfaɗo kana neman gafara. Ka ga ya hutar da yatsunka. Wata baiwar Allah ta yi mako uku tana ƙulla labarin kisan gilla, ta binne alamu, ta shirya masu laifi na bogi. A juyi na farko mai girma ya karanta zuciyar makashin ya faɗi sunansa, ya ceto ta daga wahalar wata guda, ba ta ko ce an gode ba. In kuwa mutum huɗu suka yi masa taron dangi suka ritsa shi, sai ya tuna da wani ƙarfi da kunya ta hana shi ambata tun farko. Mahassada sun laƙaba wa wannan baiwa suna godmodding, suna kwatanta shi da mai danna iddqd a wasan Doom na 1993 don kada harsashi ya taɓa shi. Sun manta wancan sai ya danna haruffa biyar, namu kuwa "na kauce" kawai yake rubutawa.

Kwarjini irin wannan ba kowa ke iya zama kusa da shi ba. Ɗaya ya ce jarrabawa ta matso, ɗaya ya ce sabis ya ɗauke a unguwarsu, mai labarin kisan gilla ta fita ba sallama. An ce sun buɗe sabon ɗaki ba su gayyace shi ba, ladabi ne, talaka ba ya kiran sarki cin tuwo. Yanzu birnin duka nasa ne, ranka ya daɗe, daga ganuwa har fada. Shekaranjiya ya farfasa wata karo na uku, ya rubuta da manyan haruffa cewa duk wanda ya isa ya fito. Yau kwana tara ke nan da ƙalubalen da ya yi kafin wannan, ko tari ba wanda ya yi.